Aboki da Ƙawa: Bashin da Damargu Ke Bin Marubuta

  Gaisuwa ga mutanen Damargu, na Tanut da na Belbeji. Gaisuwa ga Gangara da Olelewa da Falanko da Tanhiya, da duk ƙasar Tarka. Na gona, sannunku da aiki. Na bakin rijiya, sannunku da rana. Samarin fada kuma, a ɗan rage hira, a bar shayi ya dahu. Yau maganar taku ce.

Kan littafi za mu tattauna. Ƙagaggen labari, irin wanda ke ɗauko yaro ko yarinya daga ƙuruciya, ya raka su har bakin girma. Shekarun nan ne na tsakiya, daga 12 zuwa 18. Murya ta fara buɗewa. Kunya ta shigo. An daina yi maka wasan yara, ba a kuma ba ka wurin zama cikin manya ba.

Magana ɗaya na zo da ita. Zan faɗe ta yanzu, zan kuma sake faɗinta, don haka ku yi haƙuri da ni. Yaron Damargu tare da abokinsa yake girma. Yarinyar Damargu tare da ƙawarta take girma. Ranar da hanya ta raba su kuwa, ranar kowa ke fara sanin ko shi wane ne. Wannan labari yana nan a kowane gari namu. A littafi ne ya yi ƙaranci.

To, mu fara da abin da ke hannu.

Ƙagaggen labari da rubutun boko ya kankama a Hausa da gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin girman yaro ne tun daga tushe. An sace shi yana ƙarami. Ya faɗa hannun wani Balarabe, aka ƙetare Sahara da shi. Can ya tashi, can ya yi karatu, ya zama malami. Labari ne mai taɓa zuciya, balle wahalar uwarsa da ta bi sawunsa. Amma ku lura. Manya ne suka kewaye Umar. Uwa, da uban riƙo, da malami. Su suka gina shi, ba tsaransa ba.

Abubakar Imam ya fi matsowa kusa. A littafin farko na Magana Jari Ce akwai Musa da Mahmudu. Gida ɗaya suka tashi, ba a ganin ɗaya sai da ɗaya. Da yaƙi ya taso, aka tafi da Mahmudu, aka bar Musa a gida. Kullum dare Musa ya yi shirin bin sa. Kullum dare aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Ashe abin da ya riƙe littafin nan duka, kewar aboki ce. Sai dai Imam ya mai da ita ƙofar shiga kawai. Da an shiga, labaran aku sun ɗauke hankali. An manta da yaron da zuciyarsa ke can fagen fama.

Daga nan sai zamanin littattafan soyayya. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991. Tsakaninsu da bayansu, ɗaruruwa suka biyo daga Kano. Sun shigo mana ta Magarya da Matamai da Maraɗi, cikin kayan 'yan kasuwa. Ba na cikin masu raina su. 'Yan mata da yawa a ƙasar nan da su suka iya karatun Hausa, ba da littafin lakwal ba. Wasunsu kuma sun taɓo inda ke ciwo. Ku ɗauki Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Yarinya ce, Abu, aka cire ta daga makaranta tana shekara 13. Aka ɗaura mata aure da dattijo. Ta gudu birni wurin gwaggonta, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Wannan labarin girma ne na gaske, kuma duk uwar da ke Damargu za ta gane shi.

Amma ga inda nake da ƙorafi. A yawancin littattafan nan, mece ce sana'ar ƙawa? 'Yar aike ce. Ita ke kai wasiƙa. Yanzu da waya ta zo, ita ke ba da lamba. Ita ke cewa, "Ki yi haƙuri, ƙawata, yana sonki." Idan marubuci ya gaji da ita, sai ya mai da ita maciya amana, ta ƙwace saurayin. Abokin namiji shi ma haka. Ɗan rakiyar zance ne. Yana zaune gefe kan tabarma yana jiran a gama. Ba mu san abin da ke damunsa ba. Ba mu san ko ya ci abinci ba. Da an ɗaura aure, aikinsa ya ƙare, littafi ya sallame shi.

A ɓangarenmu na Nijar akwai waɗanda suka rubuta ƙuruciya da samartaka. Boubou Hama ya rubuta Kotia-Nima. Mahamadou Halilou Sabbo ya rubuta labarin samarinmu masu barin gida su nufi bakin teku neman kuɗi, a 1978. Mano Dayak ya bar mana labarin tasowarsa a Abzin. Aiki ne mai daraja. Sai dai duk da Faransanci suke. Yaron da ya bar lakwal a aji huɗu, ƙofar nan a rufe take gare shi.

Wannan ke nan game da littattafai. Yanzu mu ajiye su, mu dubi ƙasar.

Ku zo mu je bakin rijiya da rani. Kun san rijiyoyin Damargu, kun san zurfinsu. Ba a jan ruwansu da hannu, sai da raƙumi ko jaki ko takarkari. Yara biyu ne a kan aikin. Ɗaya yana kora dabba, igiya na bin sa, yana tafiya har ya yi nisa. Ɗaya yana tsaye a bakin rijiya, ƙafa a dake, yana jiran wasaki ya ɓullo. Idan ya ɓullo, sai ya ƙwala kira, na can ya tsaya cak. Ya rungumo wasakin, ya juye a kwami, tumaki su yo caa. Idan na can ya yi gaba da taki biyu, ruwa ya zube. Idan ya saki da wuri, nauyi ya fizgi na bakin rijiya. Tun hantsi har azahar haka suke. Wata rana ɗaya Bahaushe ne, ɗaya Ba'abzine. Wata rana Bafillace ne da ɗan Dagira. Hausa suke yi, kowa da irin karin bakinsa, suna yi wa juna dariya. Idan rana ta take, su raba fura a ƙwarya ɗaya. Yaran nan ba su taɓa ce wa juna "na yarda da kai" ba. Ba su da bukatar faɗi.

Wane littafi ya nuna mana wannan?

Ku dubi 'yan mata kuma. Biyu a turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na sauka bi da bi, ba mai karo da wata. Tare suke zuwa itace. Tare suke talla ranar kasuwa. Wannan ta yi wa wannan kitso, waccan ta ƙunsa mata lalle. Abin da yarinya ba za ta iya faɗa wa uwarta ba saboda kunya, ƙawa ce ke ji. Farkon jinin al'ada, ƙawa. Wanda take so, ƙawa. Wanda aka ce za a ba ta ba ta so, ƙawa. Abokin kuka, in ji Hausawa, ba a ɓoye masa mutuwa.

Kuma kada a ɗauka abin wasa ne. Kakanninmu sun ba abota tsari. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi dogon bayani kan ƙawance. Ta faɗi yadda ake ƙulla shi da kyauta, a riƙe shi har tsufa, biki da suna da mutuwa. Samarin da aka yi wa kaciya tare, suka yi jinya a zaure ɗaya, har abada akwai wani abu tsakaninsu. Maƙwabtanmu Fulani, musamman Woɗaɓe, suna da habbanaye. Mutum ya ba amininsa aron karsana. Ta zauna wurinsa har ta haihu, wasu ma sai haihuwa uku. Sannan ya mayar da uwar, 'ya'yan su zama nasa. Bayan farin 1973 da na 1984, garke nawa ne ya tashi daga kwance ta wannan hanya? Ku tambayi tsofaffin makiyaya. Al'ummar da ta ɗauki abota da irin wannan nauyi, bai kamata a ce littafinta ya bar aboki a matsayin ɗan aike ba.

Na ce yaron Damargu tare da abokinsa yake girma. Yanzu mu zo ga rabi na biyu, wato rabuwa. Nan ne zuciyar maganar, don haka zan ɗan daɗe.

Damargu dama ƙasar mararraba ce. Tun zamanin ayari, nan Abzinawa ke saukowa sayen gero. Nan fatake ke ratsawa tsakanin Kano da Agadas da Tarabulus. Ko Turawan nan masu yawon bincike, a nan Barth ya yi sallama da Richardson a watan Janairu 1851, bayan sun ƙetaro Sahara tare. Richardson ya nufi Damagaram, Barth ya nufi Tasawa. Ba su sake ganin juna ba, don Richardson ya rasu kafin ya kai Kukawa. Yau ayari ya ja baya, kwalta ta maye gurbinsa. Amma har gobe hanyoyi a nan suke rabuwa, kuma yaranmu ne ke tsaye a mararrabar.

Ku ɗauki watan Oktoba, lokacin komawa lakwal. Ga 'yan mata biyu a wani ƙauye. Aji ɗaya suka yi, benci ɗaya. Ɗaya an tura ta kwaleji a Tanut. Ɗaya ubanta ya ce ya isa haka. Ranar tafiya, wadda za a bari ita ke ɗaukar akwatin ƙarfen a ka, har bakin hanya. Ga tabarma a naɗe. Ga 'yan tiyoyin gero da za a kai wa mai masauki. Suna jiran mota, ba mai kallon idon wata. Mota ta tsaya. Abin da za a ce bai wuce, "Ki gaida mutanen birni." Ita kuma ta ce, "Sai na zo hutu." Shi ke nan.

Hutu ya zo. Ta sauka, ta ajiye kaya, ta ruga gidan su ƙawarta. Aka ce ai tana ɗakinta. Yanzu sai ta yi sallama a ƙofar wani gida, ta gaida uwar miji, ta jira a yi mata iso. Ƙawar ta fito da lulluɓi. Ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata ruwa, kamar baƙuwa. Aka fara hira. Kalmar Faransanci ta suɓuce wa 'yar kwaleji. Ƙawar ta yi murmushi ta ce, "Su 'yan lakwal manya." Wasa ne, amma ya soke ta. A hanyar komawa gida, yarinyar nan tana jin abu uku a ƙirjinta. Tana jin tausayi. Tana jin daɗin cewa ba ita ba ce. Tana kuma jin kunyar wannan daɗin. Jama'a, a wannan tafiyar ta 'yan mintoci yarinya ke girma. A nan take fara tambayar kanta, ni me nake so, kuma me zan biya kafin in samu?

Kada kuma marubuci ya yi saurin yanke hukunci. Ita ma ta cikin ɗakin tana da nata tunani. Wataƙila tana kuka da dare. Wataƙila kuma ita ke tausayin 'yar kwaleji, da ke kwana a gidan mutane, tana yi musu wanke-wanke kafin ta tafi aji da yunwa. Ƙididdiga ta nuna cikin 'yan mata huɗu a Nijar, uku sukan yi aure kafin su cika shekara 18. Wannan adadi muna jin sa a taro har mun haddace. Abin da adadi ba ya iya faɗi shi ne yadda hirar nan ta kan tabarma ke mutuwa a tsakiya. Wannan aikin labari ne.

Samari ma haka. Uku ne suka tashi tare. Ɗaya ya bi malam gabas da allo. Ɗaya ya tsaya lakwal. Ɗaya ya hau bayan mota ya yi arewa. Da can cin rani Kano ne ko Ikko, ko Libiya da Aljeriya. Tun 2014, da aka ga zinariya a Jado da Cibarakatan, arewa ta ƙara ja. Bayan shekara biyu su haɗu a fada. Na zinariya ya dawo da babur da babbar waya, da tarin da ba ya jin magani. Na lakwal ya faɗi jarrabawar birbe, yana shirin sakewa, aljihunsa ba ko dala. Na allo ya yi sauka, ana ce masa malam, amma ya dawo ya tarar ba shi da gona. Wa ya ci riba? Kowannensu yana satar kallon ɗan'uwansa yana auna kansa. Mai babur ya biya kuɗin shayi da sukari. Na lakwal ya sha, amma ya tsaya masa a wuya. Da dare kuma mai babur ya kira shi gefe, ya miƙa masa waya, ya ce, "Karanta mini wannan saƙon." Ku ji fa. Cikin dare ɗaya kowa ya ga inda ya fi, ya ga inda aka fi shi.

Ga kuma yaran wajen Bakin Birji. Tun 2011 suke tashi suna hangen fitilun matatar mai ta SORAZ da dare, su kuwa suna bitar darasi da tocila. Me aboki ke ce wa abokinsa idan suna kallon fitilun nan? Ni dai ina son in karanta.

Shi ya sa nake maimaitawa. Tare ake girma, a rabuwa ake sanin kai.

Wani zai ce, wannan ai labarin ƙauye ne, wa zai damu da shi? To bari mu leƙa waje kaɗan.

A Italiya akwai marubuciya mai suna Elena Ferrante. A 2011 ta fitar da littafi kan 'yan mata biyu, Lila da Lenu, a wata unguwar talakawa ta birnin Napoli. Dukansu masu ƙwaƙwalwa ne, Lila ma ta fi. Amma ubanta mai gyaran takalma ne, ya ƙi biya mata karatu. Lenu ta ci gaba. Lila ta yi aure tana shekara 16. Ƙauna da kishi da gasa suka cakuɗe tsakaninsu har tsufa. An fassara littafin nan cikin harsuna da dama, miliyoyin mutane sun karanta, har an yi fim ɗinsa. Ku cire Napoli ku sa Tanut, me ya canza? Kusa da mu kuma, ga Camara Laye na Gini, da L'Enfant noir na 1953, wanda da yawanku kuka karanta a kwaleji. Mutane sun fi tuna maƙerar ubansa da macijin da ke cikin labarin. Ni abin da ya fi zauna mini shi ne rashin lafiyar abokinsa Check, da yadda Laye da wani abokinsu, Kouyaté, suka zauna a kansa har rai ya yi halinsa. Daga wannan babin yaron bai sake zama yaro ba.

Sai dai akwai bambanci, kuma ya kamata marubucinmu ya kiyaye. A littattafan Turawa da yawa, saurayi yana sanin kansa ne idan ya yi wa gida tawaye, ya buga ƙofa ya fita. Namu yaron ko ya fita, da gida a kansa yake tafiya. Kuɗin farko da ya samu, uwa yake aika wa. Ko a ramin zinariya yake, yana lissafin ranar shuka. Wanda ya kwaikwayo tawayen can ya liƙa wa ɗan Belbeji, ƙarya zai rubuta. Rikicin yaronmu a cikin biyayya yake faruwa, shiru, ba hayaniya. Ya fi wuyar rubutawa. Ya kuma fi daɗin karantawa, in an iya.

Yanzu bari in juyo ga iyaye, don na san akwai mai cewa wani abu a ransa.

Baba, na ji ka. Kana cewa littattafan nan su ke lalata yara. Kana cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma aboki ne ke koya wa yaro ƙwaya da sata. Ba kai kaɗai ba ne. A Kano, a 2007, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan soyayya aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata. Tsoronka yana da tushe. Mugun aboki gaskiya ne, kuma marubuta sun rubuta shi. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo labarin saurayi ne da ya bar ƙauye ya shiga birni, ya faɗa cikin miyagu. Amma wutar Kano ba ta hana karatu ba. Labaran sun bar takarda sun koma cikin waya, inda ba ka ganinsu. Yaronka zai ji labari, ko ka so ko ka ƙi. Abin tambaya shi ne, wane iri? Wanda zai nuna masa gidajen Abuja da motocin da ba zai taɓa hawa ba? Ko wanda zai nuna masa yaro irinsa, mai faso a ƙafa, da ya tsaya gaban zaɓi irin nasa?

Kuma ko mugun abokin, ɗan wani ne. Aicha Macky, 'yar Damagaram, ta nuna mana haka a fim ɗinta mai suna Zinder, na 2021. Ta shiga unguwar Kara-Kara, wurin samarin da ake kira 'yan pale, waɗanda gari ke tsoro. Ba ta wanke su ba, ba ta kuma la'ance su ba. Ta zauna ta saurara. Sai ga shi a bayan ƙwanji da tabon wuƙa akwai yaran da ba wanda ya riƙe su sai junansu. Fim ɗinta ba ƙage ba ne, amma mai ƙaga labari yana da darasi a ciki. Idan ka mai da yaron kirki mala'ika, ka mai da abokinsa shaiɗan, wa'azi ka yi. Wa'azi kuwa yana da wurinsa, yana da malamansa, sun kuma fi ka iyawa.

Saura tambaya ɗaya, mai nauyi. Wa zai karanta?

Gaskiya ne, masu karatu a karkararmu ba su da yawa. Gaskiya ne, babu shagon littafi a kowane gari. Amma kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ba a taɓa samun masu jiran irin wannan labari da yawa kamar yau ba. Wanda bai iya karatu ba yana da kunne. Ku shiga kowace kasuwa, za ku tarar da mai tura littattafan Hausa na saurare a katin waya. Mata na daka suna ji. Direbobi na tuƙi suna ji. Gidajen rediyon karkara suna neman abin da za su sa. Hausa kuma ba baƙuwa ba ce a ajinmu. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa, a 1973. A 2025 kuma dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To harshen ƙasa da me za a ciyar da shi? Da takardun ofis kaɗai?

Saboda haka, ku matasa masu rubutu, ga 'yar shawara. Na san kuna nan. Wasunku na lise a Tanut. Wasu na Jami'ar André Salifou a Damagaram. Wasu na rubutu a waya, suna turawa WhatsApp babi babi.

Ku rubuta da Hausarku. Kada ku ari bakin Kano don a ce kun iya. Idan yaronku mushe yake cewa, ku bar shi ya ce mushe. Idan jika yake lissafi da ita, ku bar masa jikarsa. Idan abokinsa Ba'abzine ne mai juya namiji ya koma mace a magana, ku bar shi, amma ku ba shi hankali da zuciya, kada ya zama abin dariya kawai. Ranar da aka naɗa masa rawani ya rufe baki, abokinsa Bahaushe ya ga kamar an sa labule tsakaninsu, wannan babi ne guda.

Ku ba aboki gida. Ku ba shi uwa, da bashi, da abin da yake tsoro. Ku bar su su yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, su yi wata ba sa magana, gari duka ya sani. Ku bar kishi ya shigo, don yana shigowa. Wanda bai taɓa jin zafin nasarar amininsa ba, ko na minti ɗaya, ya ɗaga hannu. Kuma ba dole labari ya ƙare da ɗaurin aure ba. Yana iya ƙarewa a tasha.

Kada ku yi gaggawar fitarwa. Rubutun farko kamar anza yake, ɗanye ba ya ciwuwa. Sai an jiƙa, a zubar da ruwa, a sake jiƙawa, har ɗacin ya fita. Ku karanta wa fadarku da babbar murya. Inda suka fara danna waya, nan ne za ku yanke. 'Yan mata kuma, gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take karɓar gajerun labaran mata. Ba a ce sai 'yar Kano ko 'yar Kaduna ba.

Malaman makaranta, ku ma da naku. Sau ɗaya a shekara, ku ce yara su rubuta shafi biyu kan abokin da ya bar aji. Ku bar su su yi da Hausa. Za ku sha mamakin abin da ke cikin yaran da kuke cewa ba sa magana.

Jama'a masu saurare, lokaci ya yi halinsa. Iyaye mata, in kun ga 'yarku ta duƙufa kan kaye tana rubutun da ba na lakwal ba, kada ku ce ta tashi ta bar shirme. Ku ce ta karanta muku. Dattawa, in jika ya zo yana tambayar wa kuka yi kiwo tare, wa kuka fara zuwa cin rani tare, ku ba shi labarin duka, har da faɗan. Wanda kuma ya riga ya rubuta wani abu, ya kawo gidan rediyo mafi kusa da shi, a duba, a karanta wa jama'a.  Allah ya raya mana yaranmu, ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya. Sai wani jiƙon. Assalamu alaikum.